Likkafanin Mai Faci

Ranar da aka binne Mai Faci da yayyafi aka tashi tun asuba, irin wanda ba ya jiƙa mutum sharkaf, ba ya kuma barinsa ya bushe. Sama ta yi toka-toka, kwata ta cika har ta hau titi, gaban shaguna duk ya zama caɓi. Tela ya buɗe shagonsa ya zauna bayan keke, amma bai taka ba. Idonsa na kan rumfar da ke jikin shagon, inda injin ba da iska ke rufe da tsohon buhu, bahon gwada tub ya cika da ruwan sama yana zuba. Kwana biyu ke nan mai rumfar yana kwance a ɗakin ajiye gawa na asibiti, ba wanda ya je ɗauko shi.

Shekara talatin da ɗoriya suka yi suna maƙwabtaka, langa-langa ɗaya ce tsakaninsu. Mai Faci gajere ne mai faɗin tafin hannu, hannun da sabulu ya daɗe da sallamawa. Yana ɗan shekara goma sha biyar ubansu ya rasu, ya bar shi da uwa mai ciwon ƙafa da ƙanne biyu. Ya ajiye littafi ya ɗauki ƙarfen cire taya. Da wannan ƙarfen ya yi wa ƙaninsa makaranta tun daga aji ɗaya har ya samu kujera a wani kamfani, ana ce masa Manaja. Da shi ya aurar da ƙanwarsa Auta ga wani mai shagon kayan gini, bai bari ta tafi da kunya ba. Shi ma ya taɓa aure. Matar ta yi shekara huɗu, ranar da ta ga kuɗin hayar ɗakinsu ya tafi sayen takalmin Manaja na zuwa neman aiki, ta ɗaure kayanta ta ce, "Malam, kai kana da iyali tun kafin in zo. Allah ya bar ku tare." Bai sake ba.

Sakayya kuwa ya gan ta da idonsa. Da Manaja ya yi mota, sai ya riƙa tsayawa a tsallaken titi yana danna oda, ko gilashi ba ya saukewa sosai. Yayan nasa ya jawo tiyo ya tsallaka, ya durƙusa gaban taya. Wata rana da abokan aiki a motar, Tela ya ji da kunnensa Manaja yana ce musu, "Wani tsoho ne na tsohuwar unguwarmu, ina ɗan taimaka masa da ciniki." Cinikin da ko sau ɗaya ba a biya ba. Da Tela ya yi magana, Mai Faci ya ci gaba da goga tub da ƙarfe, ya ce, "Yaro ne."

Yaron a lokacin furfura ta fara fito masa.

Aibin Mai Faci ɗaya ne, in aibi ne: ba ya karɓar kyauta. Ka bar masa canji ya bi ka da gudu har kwana. Shekara bakwai da suka wuce ya yi wata jinya, da ya tashi sai ya tafi kasuwa ya sayo farin yadi, ya shimfiɗa a teburin Tela ya ce a yanka masa likkafani. Tela ya ce, "Kai dai ba ka da aikin yi." Ya ce, "Yanka dai." Aka yanka gida uku. Garin riƙe wa Tela bakin yadin, babban yatsansa ya bar baƙin tabo na gam a kusurwa, suka yi ta dariya. Mai Faci ya naɗe da kafur ya ce zai sa a ƙasan akwati, sannan ya ce, "Abu biyu nake roƙonka. Kada a yi bara da gawata. Kada kuma a zuba ni ramin waɗanda ba su da kowa." Har kuɗin hidimar ya tara a gwangwani, sai ɗan Auta ya buge wani da motar ubansa, aka zo ana kuka, gwangwani ya koma wayam.

To jiya Tela ya je asibiti, domin shi ya kai shi ranar da ya faɗi a rumfa. Ma'aikacin ɗakin gawa ya yi masa bayani ba ɓoye-ɓoye: sai an biya kuɗin gado da na ajiya, sai kuma ɗan'uwa ya sa hannu. Wuri ya cika, na'urar sanyi ɗaya ta lalace. In ƙarfe huɗu na gobe ta yi ba wanda ya zo, motar hukuma za ta kwashe shi tare da waɗanda aka tsinta a titi.

Goben ce yau.

Wajen ƙarfe goma motar Manaja ta tsaya. Auta ta fito da kuka tun daga tsallake, "Wayyo Yaya! Ka tafi ka bar mu da wa?" Da ta iso bakin caɓi kukan ya tsaya cak, ta tattare zani ta nemi inda za ta taka, sai da ta haye busasshen wuri sannan ta ɗora daga inda ta tsaya. Manaja ya miƙa wa Tela 'yan yatsu.

"Baba Tela, sai haƙuri. Makullin ɗakin yana wajenka?"

"Yana nan. Kun biya ta asibitin?"

"Za mu je. A fara da abin da ke kusa."

Ɗakin yana bayan shaguna, ciki ɗaya. Katifa, akwatin ƙarfe, rediyo, risho, buta, da ƙusa uku a bango da riguna a rataye. Tela ya tsaya bakin ƙofa yana kallo. Auta ta ɗaga katifa ta leƙa, ta zazzage matashi, ta girgiza gwangwanin madara ta jefar. Manaja ya sa ƙafa ya jawo akwati.

"Ƙarfe huɗu suka ce," in ji Tela.

"Na ji. Amma ka san wata ya yi nisa. Ga kuɗin makarantar yara, ga mota tana neman gyara. Auta, ke mijinki ai ɗan kasuwa ne."

"Ya yi tafiya. Kuma ni mace ce, ina ruwan mace da sa hannu? Kai ne namiji, kai ya yi wa boko."

"Ke ya yi wa aure. Ke kuma ya fitar wa da ɗa daga hannun 'yan sanda."

"Au, gori za ka yi min a ɗakin mamaci?"

Manaja ya juyo wajen Tela da murya mai sanyi, irin ta ofis. "Gaskiya, Baba, da ka kira mu kafin ka kai shi asibiti, da mun ba da shawara. Tsuntsun da ya ja ruwa ai shi ruwa kan doka. Kuma in ka duba, ƙasa duk ɗaya ce. Hukuma ma binnewa za ta yi, ba jefarwa ba. Mamaci addu'a yake bukata."

"Haka ne," in ji Auta. "Addu'a."

Nan take kuma suka shiga shawarar zaman makoki. A gidan Manaja za a yi, domin mutanen kamfani za su zo. Rumfa biyu, kujeru ɗari, ruwan roba. A kan wannan ba wanda ya ce wata ya yi nisa.

Tela ya bar musu ɗakin. Ya koma shago ya zauna. Shi ba abin da yake da shi sai keken nan da ya girmi Manaja, da ɗinkin mutane a rataye. 'Yan babur biyar ko shida sun fake wa ruwa a barandarsa, cikinsu har da Dogo, wanda tun yana da keke Mai Faci ke yi masa faci. Suna ta tambaya yaushe za a kai, Tela yana cewa tukuna.

Can sai ga Manaja ya shigo da ƙunshi a hammata, fuskarsa a sake.

"Baba Tela, ashe Yaya yana da ajiya. Dubi yadi, fari tas, mai kauri. Ka ga mutane za su zo gaisuwa, ya kamata a same ni cikin fari. Riga da wando, ɗinki mara ado. In ka matsa zuwa yamma ai ka gama."

Ya baje shi a tebur. Ƙamshin kafur ya tashi. Tela ya ɗaga kusurwa, ga baƙin tabon yatsa nan kamar jiya aka yi. Ya daɗe yana kallo. Mutumin nan ya yi boko shekara goma sha shida da kuɗin faci, ya ga farin yadi gida uku da kafur a ƙasan akwatin tsoho, bai ga komai ba sai riga da wando.

Tela ya ciro tef daga wuya. Ya share bencin baƙi da tsumma.

"To, Manaja. Cire takalmi ka kwanta."

"In kwanta?"

"Ka miƙe sosai, hannuwa a gefe. Dogo, zo ka riƙe min tef daga wajen kai."

"Wane irin awo ne wannan, Baba?"

"Irin na yadin. Ni na yanka shi, na san shi. Ba a auna shi a tsaye. Ka ɗan fi Yayanka tsawo, amma in an lanƙwasa ƙafa zai rufe ka."

Manaja ya dubi yadin, ya dubi benci, ya sake duban yadin. Sai ya yi baya kamar ya taka wuta, yana karkaɗe hammata, yana goge hannu a wando.

"A'uzubillahi! Likkafani ne? Baba, ka bari na rungumo shi tun daga ɗaki?"

"Ai ba ya cizo, ranka ya daɗe," in ji Dogo. "Kuma ya yi maka kyau."

"A yi masa aljihu, Baba," in ji wani. "Manaja ba ya tafiya ba aljihu."

Dariya ta ɓarke, irin wadda ba daɗi a cikinta. Tela ya zaci kunya za ta yi aikin da zumunci ya kasa. Ya ce, "Ga shi ɗan'uwanka ya rage maka nauyi, ya sayi suturarsa da kansa. Saura asibiti." Manaja ya duba agogo, ya ce bari ya je banki yanzun nan, minti ashirin. Ya shiga mota har yana mantawa da Auta a ɗaki. Da minti ashirin suka zama sa'a guda, Tela ya kira wayarsa. A kashe.

Dogo ya cire hular kwano ya juya ta. "Baba, bar su. Kowa ya kawo abin da ya samu, in zaga tasha, in zaga kasuwa."

"Mayar da hularka."

"Baba, sha biyu ta wuce."

"Na ce mayar. Ya ce kada a yi bara da gawarsa. Na amsa masa."

"To ya kuma ce a bar shi motar hukuma ta kwasa?"

"Wannan ma ya hana."

Dogo ya buga hular a cinya. "Wannan tsoho, yana raye taurin kai, ya mutu taurin kai!"

Suna nan zaune jugum sai wani mai baro ya turo baronsa, taya a kwance, ya tsaya gaban rumfa yana waige-waige. Baƙo ne, bai san an yi rasuwa ba. Ya ce, "Ina mai iskar?" Tela ya buɗe baki zai ce ba ya nan, sai ya fasa. Ya tashi ya yaye buhun da ke kan injin.

"Dogo, ka iya tayar da wannan?"

Ja uku injin ya kama. Aka ba baro iska. Mutumin ya miƙo kuɗi, Tela ya nuna masa gwangwanin da ke rataye a ƙusa, inda Mai Faci ke jefa ciniki. Kuɗin ya faɗa, ƙwal. Dogo ya tsaya yana kallon gwangwanin. Sai ya taka zuwa babur ɗinsa, ya tsuguna, ya sa tsinken ashana a bawul. Taya ta yi tsaki har ta kwanta.

"Baba, ka ga ikon Allah, tayata ta sace."

"Ta baya ma kamar ba ta da lafiya," in ji Tela.

Kafin a jima duk barandar tsaki take yi. Tela ya kafa doka ɗaya: farashin da mai rumfa ke karɓa, ba ƙari, mai canji a ba shi canjinsa. Wannan ciniki ne, ba bara ba. Labari ya kai tasha. Masu babur suka yi layi cikin yayyafi, masu keke, masu baro, masu tasi. Wani ya dawo sau biyar, Dogo ya ce, "Kai, tayar nan taka a kai ta wajen masu ruƙiyya." Wani tsohon direban babbar mota ya tsaya ya tare rabin titi, ya sauko yana ɗingishi ya ce duk tayoyinsa goma sha takwas ba su yi masa ba, a duba, har da safaya.

Ƙarar injin ce ta fito da Auta daga ɗaki, rediyo a hannu, risho a ɗaure cikin zanin gado.

"Wa ya ba ku izini? Injin nan gado ne! Kuɗin nan ma gado ne!"

"Ba a raba gado mai shi yana kwance a asibiti, 'yar nan," in ji Tela. "A bari ya yi wa kansa aikin yau. Gobe ku zo ku kwashe har ƙusoshin."

"Man da ke ciki fa? Wa zai biya man?"

Dogo ya ci gaba da ba da iska. Ta tsayar da tasi ta loda kaya. Direban ya ji abin da ake ciki, ya fito ya sace tayoyinsa biyu ya shiga layi, ta zauna a ciki tana zagi har aka zo kansa.

Uku saura aka sauke gwangwani. Kuɗin ya isa biyan asibiti da masu haƙa kabari, bai isa motar gawa ba. Wani mai a-kori-kura ya ce shi dama can wajen maƙabarta zai kai bulo, hanyarsa ce, in suna so su hau. Ba bulo ko ɗaya a motar. Tela ya gani, ya kau da kai.

Da suka isa asibiti, motar hukuma tana tsaye a bayan ginin, an buɗe bayanta. Ma'aikacin ya zazzage gwangwani a tebur, duk tsaba da tsofaffin takardu masu warin mai, ya jawo takardar sallama.

"Mene ne naka?"

"Maƙwabcina ne."

"Takarda ɗan'uwa ta ce. Ba shi da kowa?"

"Yana da su. Ƙani da ƙanwa, uwa ɗaya uba ɗaya."

"Suna ina?"

"Suna kafa rumfar makoki."

Ma'aikacin ya ajiye biro. Ya dubi tsohon da ke gabansa, wando jiƙe da taɓo har gwiwa, farin yadi a cikin leda ya rungume a ƙirji. Ya leƙa taga ya ga 'yan babur cike da harabar. Shi ma ba yau ya fara ganin irin wannan ba. Ya ɗauki biro ya rubuta ɗan'uwa, ya juya takardar ya ce, "Sa hannu nan, Baba. Ni ban tambaye ka komai ba."

Aka yi masa wanka, aka sa shi cikin yadinsa, ya ishe shi daidai. Aka sallace shi da sahu uku, yawancinsu da hular kwano a hannu. Ƙasa ta jiƙe, haƙa bai yi wuya ba. Tela da Dogo suka shiga suka karɓe shi.

Ana fitowa sai ga Manaja a bakin ƙofar maƙabarta, ƙarƙashin lema, cikin sabuwar farar riga ta kanti, alamar ninki ba ta ma baje ba. Ya tsaya daidai inda kowa zai wuce, yana miƙa hannu.

"Mun gode, mun gode. Allah ya ba da lada. Wallahi tun safe nake ta faɗi-tashi a kan maganar nan."

Wasu suka karɓi hannun don ba su san shi ba. Dogo ya zo wucewa ya dubi motar Manaja ya ce, "Ranka ya daɗe, tayarka ta gaba ta yi ƙasa. Sai dai yanzu biya ake yi." Tela kuwa ya wuce ta gefensa kamar ya wuce turken wuta.

Kwana uku aka yi ana zaman makoki a gidan Manaja. Mutanen kamfani sun zo da ambulan, an ce ya yi ta share hawaye yana ba da labarin yadda ya riƙe Yayansa har ƙarshe. Auta ta gaya wa matan unguwarsu cewa hidimar ta cinye su. A rana ta huɗu suka zo da mota suka ɗauki injin, da bahon, da ƙarafan cire taya. Wajen rabon kuɗin injin suka yi faɗan da har yau ba sa gaisawa, kowa yana cewa ɗayan ba ya tsoron Allah.

Rumfar yanzu wani mai sayar da katin waya ne a ciki. Tela yana nan a shagonsa, idonsa ya rage, sai gyaran tsofaffin kaya yake yi. Mai Faci kuwa yana maƙabartar bayan tashar mota, jeri na ƙarshe ta wajen katanga, kabari na huɗu daga ƙofar baya, shi kaɗai a raminsa.